Gadar Carter ta Legas: ciwon yana ƙarƙashin ruwa

A watan Agustan 2025, bayan wani zama na Majalisar Zartarwa ta Tarayya a Abuja, Ministan Ayyuka David Umahi ya shaida wa manema labarai cewa Gadar Carter ta Legas ta wuce gyara. Ya ce kamfanin Julius Berger ya duba ta ya ba da shawarar a sauya ta gaba ɗaya. Alƙaluman da aka bayar a lokacin sun nuna cewa gyaranta zai ci sama da naira biliyan 380, gina sabuwa kuwa kimanin biliyan 359. Wato jinyar tsohuwar ta fi haihuwar sabuwa tsada.

Ɗan Arewa da ya taɓa shiga Ikko sarin kaya ya san gadar nan ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke tashi daga Iddo, gab da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ta tsallaka ruwa ta sauke mutum a tsakiyar Idumota, inda daga nan sai Balogun da Ebute Ero da sauran kasuwannin tsibirin Legas. Gadoji uku ne kacal suka haɗa tsibirin da ɓangaren tudu kai tsaye: Carter, da Eko, da Third Mainland. A cikinsu Carter ce mai tsohon suna, kuma ita ce ta talaka, domin danfo, wato ƙananan motocin bas na haya, da masu tafiya a ƙasa da 'yan dako su suka fi bin ta.

Jaridu da yawa sun ɗauki labarin a matsayin na gadar da tsufa ya cim mata, mai shekara 124 a duniya. Wannan fassarar tana da daɗin ji, amma tana ɓoye gaskiyar lamarin, kuma tana wanke waɗanda bai kamata a wanke ba.

Gada uku, suna ɗaya

Sunan ya samo asali ne daga Sir Gilbert Thomas Carter, Gwamnan Legas na mulkin mallaka daga 1891 zuwa 1897. A zamaninsa aka yaƙi Ijebu a 1892, da rundunar da ke da sojojin Hausa a cikinta, aka buɗe hanyoyin fatauci zuwa cikin ƙasar Yarbawa da ƙarfin bindiga. Da hanya ta buɗe sai maganar layin dogo ta taso. An fara shimfiɗa shi a 1896, ya isa Ibadan a 1901. Matsalar ita ce jirgin ya tsaya a Iddo, alhali gari da ofisoshin gwamnati da kantunan Turawa da mashigar jiragen ruwa duk suna can tsibiri, a tsallaken ruwa. Kafin wannan lokaci kwale-kwale ne kawai ke kai mutum. Gadar farko, wadda aka kammala a 1901, an yi ta ne domin cike wannan giɓi. Ita kanta Iddo tsibiri ce a da, sai da aka haɗa ta da Ebute Metta ta hanyar da aka sa wa sunan Denton.

A 1902 aka ɗora wa gadar wani ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, mai siririn layi, da ke kwasar fasinja daga tashar Iddo zuwa cikin tsibirin. Ya yi jigilar mutane har zuwa wajen 1913, daga baya aka bar layin yana aikin kwashe bahayan bokiti da dare, har farkon shekarun 1930.

A nan ne tarihinmu ya shigo. Jirgi ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka fara tafiya daga Legas har Kano. Goron Gwanja, wanda a da fatake ke ɗaukar watanni suna kawo shi a kan jakuna, sai ya koma bin jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yanzu zuwa Legas, daga nan a loda shi a jirgin ƙasa. Alhassan Dantata yana cikin waɗanda suka fara cin gajiyar wannan sabuwar hanya. A wancan lokaci, kafin tashar Apapa ta bunƙasa, jiragen ruwa a ɓangaren Marina suke sauke kaya, tashar reluwe kuwa tana Iddo. Gadar Carter ce a tsakani. Ɗan siririn wurin nan shi ne wuyan da kasuwancin Kano da teku ya ratsa na tsawon shekaru.

Garin da bai wuce mutum 40,000 da ɗoriya ba a 1901 ya yi ta kumbura, motoci suka shigo, gadar farko ta gaza. A farkon shekarun 1930 aka maye gurbinta da wata mai ƙarfi da faɗi. Wannan ta biyun ita kaɗai ta riƙe Legas har bayan samun 'yancin kai, lokacin da garin yake babban birnin tarayya. Sai a 1965 aka ba Julius Berger kwangilar Gadar Eko, aikinsa na farko a Najeriya. A shekarun 1970, zamanin kuɗin mai, cunkoso ya kai matuƙar da gwamnati ta raba wa motoci ranakun shiga tsibiri bisa lambar da ke jikinsu. A cikin waɗannan shekaru ne aka kwance Carter ta biyu aka gina ta kankare da muke hawa yau. Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ba a kammala ta ba sai 1990, a mulkin Janar Babangida.

Saboda haka suna ne ya shekara ɗari da ashirin da wani abu. Ginin da ke tsaye bai wuce shekara hamsin ba, ko ƙasa da haka. Gadar kankare da aka gina da kyau, ake kuma kula da ita, ba a sa ran ta mutu a wannan shekaru. Tambayar da ta dace ita ce: me ya kashe ta da wuri?

Yadda gishiri da yashi suka haɗa mata kai

Wanda ke cikin mota ba ya ganin komai sai kwalta da fitilu da ƙarfen gefe. Nauyin gadar kuwa yana sauka ne ta ginshiƙai zuwa kan wasu dogayen turaku da aka kafa can cikin ƙasan ruwa. A Legas babu dutse kusa da za a ce turke ya je ya zauna a kansa. Yashi ne da laka da yumɓu, zurfi bayan zurfi. Abin da ke riƙe da turken shi ne matsewar da ƙasar da ke kewaye da shi ta yi masa. Idan ƙasar nan tana nan, turke na nan daram. Idan ta zaizaye, ɓangaren da ke riƙe ya ragu, ɓangaren da ke tsaye tsirara cikin ruwa ya ƙaru, alhali nauyin da ke sama bai ragu da ko kilo ɗaya ba.

Abu biyu ne ke kwashe ƙasar. Na farko igiyar ruwa ce. Carter tana kusa da bakin da tafkin Legas ke haɗuwa da teku, ruwa yana shigowa yana fita sau biyu a yini, yana zagaya ginshiƙai yana ƙwaƙule gindinsu a hankali. Wannan injiniyoyi sun san da shi tun ranar zane, kuma akwai maganinsa: a riƙa aunawa, a riƙa zuba duwatsu ana cikewa. Na biyu shi ne haƙar yashi, wanda ministan ya ambata da bakinsa a cikin manyan dalilai.

Duk wanda ya bi gadojin Legas da sassafe ya ga masu wannan sana'a. Kwale-kwale ne manya na katako, a tsaye a tsakiyar ruwa. Mutum zai riƙe bokitin ƙarfe ya cika ƙirjinsa da iska ya nutse, ya kai ƙasa ya cika bokitin, ya taso yana haki ya juye a cikin jirgin, ya sake komawa. Haka zai yi ta yi har jirgin ya nutse kusan baki, ruwa na lasar gefensa, sannan a tuƙa shi zuwa gaɓa inda tifa ke jira. Aiki ne mai cin rai, kuma masu yin sa abincin yini suke nema. Ba na jin adalci ne a ɗora musu mutuwar gada. Abin da bokiti dubu zai ɗiba, injin haƙa mai dogon bututu yana zuƙe shi cikin ɗan lokaci, kuma injin nan ba na talaka ba ne. Yashin yana tafiya ne wajen cike fadama da bakin ruwa domin a fitar da filaye masu tsada, da wajen buga bulo na garin da ba ya daina gini.

Ba sai an yi haƙar a gindin gada ba kafin ta yi ɓarna. Idan aka yi rami mai zurfi a ƙasan tafki, ruwa da kansa zai riƙa jan yashin da ke kewaye yana zubawa a ciki, har ramin ya ci abin da ke riƙe da turaku masu ɗan nisa da shi. Shi ya sa ɓarnar take da wuyar kamawa. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu wanda zai ɗauki hoto.

Gishiri kuma yana nasa aikin ta sama. Ruwan wurin gauraye yake da na teku. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, gishirin yana ratsa su sannu a hankali har ya tarar da rodin da ke ciki. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki ya tsage ya ɓantare, ƙarfe ya fito fili, tsatsar ta ƙara sauri. Wurin da ya fi shan wahala shi ne daidai inda ruwa ke hawa yana sauka, domin nan ne jiƙa da iska da gishiri suke haɗuwa kullum.

A kan wannan sai a ƙara abin da mutane ke yi wa gadar da rana tsaka. A bakinta na Idumota, danfo sun mayar da ita tasha, suna jere suna lodi, kwandastoci suna ƙwala kiran Oshodi da Mushin. Masu talla sun baje kaya a hanyar masu tafiya a ƙasa. Ƙarƙashin rassanta na tudu ya zama rumfuna da ɗakunan ajiya da wurin girki. Abin da irin wannan ke jawowa an gan shi a maƙwabciyarta: a watan Maris na 2022 gobara ta tashi a kasuwar da ke ƙarƙashin Gadar Eko a Apongbon, wutar ta gasa kankare da rodi, aka rufe wannan ɓangare har zuwa Yulin 2023. Motocin da aka kora daga can, kaso mai yawa Carter ce ta ɗauke su, ita da nata ciwon ke ɓoye.

Shekara goma sha biyu

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin bayanin ministan shi ne shekarun da ya ambata. Ya ce an yi binciken ƙarƙashin ruwa a 2013, an sake yi a 2019, kuma duka biyun sun nuna ɓarna. Tsakanin binciken farko da ranar da aka ce gadar ta wuce gyara akwai shekara goma sha biyu, da shugabannin ƙasa uku. A 2013 dala tana wajen naira 160. A 2025 ta kai wajen 1,500. Kayan aikin ƙarƙashin ruwa da ƙwararrunsa galibi daga waje ake kawo su, da kuɗin waje. Aikin da za a iya yi a wancan lokaci da kuɗi mai sauƙi, yau ba ya yiwuwa ko da an ninka kuɗin.

Me ya sa aka jinkirta? A ganina dalili na farko shi ne aikin ƙarƙashin ruwa ba ya ganuwa. Sabuwar kwalta da fenti da fitilu ana ƙaddamar da su, a yanka ƙyalle, a nuna a talabijin. Biliyoyin da aka zuba a gindin turke babu mai ganin su, kuma idan aikin ya yi kyau ladansa shi ne babu abin da ya faru. Ba ina cewa gyaran sama ba shi da amfani ba. Mahaɗar gada da ta buɗe tana kashe mutane, ita ma. Amma gyaran sama kaɗai kitso ne a kan ƙwarƙwata.

Dalili na biyu shi ne rashin mai abu guda ɗaya. Gadar ta Gwamnatin Tarayya ce, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka. Ruwan da take tsaye a ciki an daɗe ana jayayya a kansa tsakanin hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, da gwamnatin Jihar Legas mai tata hukumar, LASWA, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Janairun 2024 ta ba ɓangaren tarayya gaskiya. Yashin kansa a doka ma'adini ne, lasisinsa yana hannun wata ma'aikatar dabam. Kasuwar da ke ƙarƙashin gadar da tashar da ke kanta kuwa, jiha da ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin direbobi ne ke karɓar kuɗinsu. Kowa yana da abin da yake karɓa a jikin gadar nan, amma ofishin da za a kama a ce kai ne ka bari yashin gindinta ya tafi, babu shi. Tun da aka mayar da babban birni Abuja a Disambar 1991, kadarorin tarayya da ke Legas suka shiga irin wannan hali, mai su yana nesa, na kusa kuma yana cewa ba nasa ba ne.

Idan za a rushe

Gwamnati ta karkata ga rushewa da gina sabuwa, kuma idan alƙaluman da aka bayar haka suke, ban ga dalilin musu ba. Masu cewa a bar ta saboda tarihi suna da niyya mai kyau, sai dai abin da suke so a adana an riga an kwance shi tun tuni, sau biyu. Abin da ya rage a yi jayayya a kansa shi ne tsarin aikin, kuma nan ne rayuwar mutane take.

Na farko, wanne za a fara, gini ko rushewa? Legas ta ɗanɗana abin da rufe gada ba shiri ke haifarwa. A farkon Afrilun 2025 aka rufe Gadar Independence, wadda ke shiga Victoria Island, domin gyara. Mutane suka kwana a mota, har ministan ya ba da umarnin a buɗe ta ya kuma nemi afuwa. Wannan gajeriyar gada ce a cikin gari. Carter kuwa ɗaya ce daga cikin ƙofofi uku. Idan aka rufe ta na shekaru ba tare da wata a gefenta ba, nauyin zai koma kan Eko da ta sha gobara, da Third Mainland da aka riga aka hana manyan motoci hawa. Jirgin ƙasa na Blue Line da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023, da jiragen ruwa na fasinja, za su rage wani abu, amma ba sa ɗaukar dilar atamfa da katan-katan na kaya daga Idumota zuwa garejin da ake lodin Kano da Sakkwato da Maiduguri. Hankali ya fi kwanciya da a gina sabuwar a gefe, a mayar da motoci kanta, sannan a kwance tsohuwar. Amma wannan yana nufin sabuwar za ta sauka a wani wuri a tsibirin da babu tafin hannu na fili, wato za a rushe shaguna da gidaje, a kuma yi maganar diyya. Mai takardar mallaka zai samu wani abu. Mai teburin da ya shekara ashirin a gindin gada, da ɗan dakon da ke kwana a kan baronsa, waɗanda da yawansu 'yan ci-rani ne daga Arewa da Nijar, ba sa cikin kowane lissafi in ba an sa su da gangan ba.

Na biyu, har a gama sabuwar, wa ke gadin tsohuwar? Gadar da aka ce ta wuce gyara kuma ana ci gaba da hawanta tana bukatar fiye da addu'a. Tana bukatar a rage mata nauyi da gaske, a ɗauke tashar da ke kanta, a sa na'urorin da ke auna motsin ginshiƙai, masu nutso su riƙa sauka a kai a kai, a kuma sami mutum ɗaya mai ikon cewa a rufe yau ba tare da jiran Abuja ba. A birnin Genoa na Italiya an san gadar Morandi tana da ciwon tsatsa, ana shirin gyara, sai ta faɗi a ranar 14 ga Agustan 2018 ta kashe mutum 43. Mu ma mun san ɗacin yankewar hanya. Lokacin da gadar Tatabu ta karye a hanyar Mokwa zuwa Jebba a 2017, da lokacin ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025, tireloli sun yi jerin gwano, tumatir da albasa suka ruɓe a mota. Waɗancan gadojin hanyar daji ne. Carter kuwa a cike take da mutane tun asuba har dare.

Na uku, kuɗi. An yi maganar ɗan kwangila ya zo da kuɗinsa ya yi aikin a biya shi daga baya, ko a yi haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, ko a ci bashi daga bankunan waje. Kowanne daga ciki yana iya ƙarewa da shingen karɓar kuɗi. Gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013 an sa mata irin wannan shinge, amma masu bin ta galibi masu motar kansu ne. A Carter, duk naira da aka ɗora wa direban danfo daga aljihun mai sayar da ruwan leda da mai ɗinkin takalmi za ta fito. Ya kamata a faɗi wannan a fili kafin a sa hannu, kuma a wallafa rahotannin 2013 da 2019 da na bayansu domin injiniyoyin ƙasar nan, na jami'o'i da na ƙungiyoyin sana'a, su duba da idonsu. Hukuncin kashe ɗaruruwan biliyoyi bai kamata ya tsaya a kan takardun da 'yan ƙalilan suka gani ba, musamman da yake kamfanonin da ke duba gadoji su ne kuma ke neman kwangilar gina su.

Sabuwar gadar ma a cikin wannan ruwa za ta tsaya, a kan wannan yashi. Idan injinan haƙa suka ci gaba da aiki da dare, kuma ba a ware kuɗin duba ƙarƙashin ruwa duk shekara a cikin kasafi ba, turakunta za su fara tsiraita tun ba a gama biyan bashinta ba. Kuma Carter ba ita kaɗai ke kwance ba. A zaman da aka yi maganarta, ministan ya ce Third Mainland ma tana fama da irin wannan ciwo na yashi da tsatsa, kuma ita lissafinta ya tashi daga biliyan: kimanin naira tiriliyan 3.8 idan gyara za a yi, tiriliyan 3.6 idan sabuwa ce.